Matar Wanda Ruwa Bai Dawo Da Shi Ba

Masu bibiyar labarina, ina yi muku sallama irin ta wadda ta daɗe ba ta samu abokin hira ba. Wata baiwar Allah a cikinku ta turo mini tambaya, ta ce, "Hamdiyya, don Allah ke matar aure ce ko bazawara?" Na karanta, na kife wayar a kan filo, na daɗe ina kallon silin. Ba fushi na yi ba, 'yar'uwa. Ni ma amsar nake nema, yau shekara biyu da wata huɗu.

Bari in ɗan koma baya saboda waɗanda yau suka fara karanta ni.

Ni 'yar Yelwa ce ta Yawuri, aure ne ya kawo ni Wara. Mijina Mainasara, sunan da ban taɓa furtawa a gabansa ba sai yanzu da nake iya rubuta shi, makanikin injin jirgin ruwa ne. Watanmu bakwai da aure, ko fentin ɗakina bai daina ƙamshi ba, wani mai jirgi ya kira shi tsallaken tafki wai injinsa ya ƙi tashi. Ya je ya gyara, ya biyo jirgin 'yan kasuwa zai dawo gida. An loda wa jirgin nan mutane fiye da ƙima, ga buhunan hatsi, ga babura. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas.

Kwana uku masunta suna tsamo mutane ana jerawa a bakin gulbi. Musulmi su sallaci nasu, Kirista su ɗauki nasu. Ina tsaye da hijabi ruwan ƙasa, duk wanda aka yaye wa zane sai na leƙa. Mutum goma sha ɗaya ruwa bai dawo da su ba. Nawa yana ciki.

Da masu rabon agaji suka zo, da takarda suka zo: sunan mamaci, ranar da aka binne shi, wanda ya shaida. Gidajenmu goma sha ɗaya aka tsallake. Sun ce ba mugunta ba ce, takardar tasu ce ba ta da gurbin wanda ba a gani ba. Ni kuwa ban yi takaba ba, don surukata ta ce ba a yi wa rayayye takaba.

Inna Dudu ake kiranta a gari, ni Inna kawai nake ce mata. Shi kaɗai ta haifa da ya rayu, mijinta ya daɗe da rasuwa. Bandar kifi take yi a bayan gida, tarwaɗa da karfasa, hayaƙin shekara talatin ya cinye mata ido ɗaya, ɗayan ma yanar ido ta rufe shi rabi. Mu biyu ne a gidan. Da safe in ɗiga mata magani, in dama mata kunu, in tafi makarantar firamare inda nake koyar da 'yan aji biyu. In na dawo in tarar ta ajiye mini kan kifi a kwanon sha, ta rufe da faifai. Mu ci tuwo a kwano ɗaya, ba mai ce wa wani uffan. In babur ya tsaya a ƙofar gida, mu biyun mu ɗaga kai tare, mu kuma sunkuyar tare.

Haka rayuwar take har bazarar bana, ranar da Rabi'u ya yi sallama a zaurenmu.

Ma'aikaci ne a wani kwamitin majalisar dokokin jiha. Wasu 'yan majalisa ne suka kawo ƙudurin doka a kan agajin gaggawa da kula da jama'a, sai aka turo su garuruwan bakin ruwa su ji ta bakin waɗanda abin ya shafa. Dogo ne, baƙi, shaddarsa ruwan toka duk ta jiƙe da gumi, ga tabarau yana ta zamewa a hancinsa. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwan randa, na zauna daga nesa.

"Suna?"

"Hamdiyya Usman."

"Shekaru?"

"Ashirin da biyar."

"Matar aure, ko wadda mijinta ya rasu, ko..." Ya ɗago. "Wanne zan cike?"

Na ce, "Kai da ka zo da takardar, kai za ka faɗa mini."

Na ba shi labari a taƙaice. Ya daɗe riƙe da biro, bai rubuta komai ba. Can ya rufe fayil ɗin ya ce, "Na bar gurbin a buɗe, Malama. Ina jin shi ne ma aikin da ya kawo mu."

Kada ku yi mini dariya, amma maganar nan ta kwana biyu tana yi mini yawo a kai. Tun da abin ya faru kowa faɗa mini yake yi ko ni wace ce. Shi kaɗai ya yarda bai sani ba.

Ya karɓi lambata saboda aiki. Da farko aikin ne kuwa.

"Malama Hamdiyya, barka da war haka. Ƙudurin ya tsallake karatu na biyu."

"Madalla. Allah ya taimaka."

Bayan mako guda: "Ya jikin Inna? In dokar ta tabbata, tsofaffin da suka rasa mai kula da su a irin wannan masifa za a riƙa duba su a asibiti. Aikin ido yana ciki."

"Allah ya sa."

Bayan kwana uku: "Yau an yi ruwa a Birnin Kebbi. Na tuna ku."

Wannan ban amsa ba. Amma ban goge ba. In na idar da sallar azahar a ofishin malamai sai in buɗe in sake karantawa, in ji kunyar kaina, in rufe. 'Yan kalmomi ne kawai, ga mace mai hankali tana lallaɓa su kamar ƙwai. Wanda bai taɓa zama shekara biyu ba a tambaye shi ya ya kwana ba, ba zai gane ba.

Ranar wata Laraba ina wanke-wanke saƙon murya ya shigo daga Yaya Murja. Ita ce babbarmu, tun rasuwar mahaifiyarmu ita ke tsaye a kanmu, kuma ba ta iya magana a hankali ba. Na rage ƙarar wayar na kara a kunne don kada Inna ta ji.

"Ke Hamdiyya, albishirinki! Yaron nan na majalisa, Rabi'u, yaz zo gaida Baba jiya, maigidana Abban su Zulai ya rako shi. Ɗan Shanga na, an san gidansu, bai taɓa aure ba. Wallahi Baba har da murmushi, rabon da in ga haƙoran Baba tun bikinki. Yac ce in kin zo taron nan da 'yan majalisa za su yi nan Yelwa ran Asabar ki taho da kayan sawarki. Litinin a tahi gaban alƙali a warware maganar nan. Kin yi haƙuri, duniya ta shaida. Kina nan kina tsufa cikin hayaƙin kifi, ƙawayenki na goyon na biyu. Ki ba ni amsa, na ga kin saurara!"

Na tsame hannuna daga ruwan kumfa, na shige ɗaki, na kira shi. Karo na farko ke nan da ni na fara kira.

"Malam Rabi'u, wa ya aike ka gidanmu?"

Ya ce, "Na yi laifi. Na ga bai dace in ci gaba da turo miki saƙo ba alhali manya ba su san da ni ba."

"Ni ka tambaye ni? Da igiyar wani a kaina."

"Na sani. Shi ya sa ban ce wa Baba komai ba face gaisuwa da bayanin ko ni wane ne. Amma ba zan ɓoye ba, ya gane."

Akwai abin da ya daɗe yana cina, sai na ga gara in amayar. Ya taɓa turo mini hoton wani shafi na ƙudurin, sashe na goma sha bakwai. Sashen ya ce duk wanda ya ɓace a ambaliya ko haɗarin jirgi, in an shekara ba a gan shi ba, za a ba iyalinsa takardar shaidar mutuwa, su shiga cikin waɗanda za a tallafa wa.

A hoton na lura an soke wani adadi an maye shi da shekara ɗaya. Na ce, "Sashen nan, da can shekara nawa aka rubuta?"

"Huɗu."

"Wa ya mayar da shi ɗaya?"

"Kwamiti."

"Wa ya ba kwamiti shawara?"

Na ji ya sauke numfashi. "Ni ne. Bayan na dawo daga Wara."

"Saboda wa?"

"Saboda maƙwabciyarki Susan da 'ya'yanta uku. Shekara huɗu yaro ya gama lalacewa. Wannan ita ce gaskiyar da na faɗa wa kwamiti." Ya ɗan tsaya. "Amma in kika ce in rantse babu ke a zuciyata lokacin da nake rubutawa, ba zan rantse ba."

Na kashe wayar. Na zauna a bakin gado ina kallon kwanukan jerena da ban taɓa cin abinci a cikinsu ba. Da ƙarya ya yi mini, da na ji sauƙi, in tsane shi in huta.

Da yamma na leƙa gidan Susan. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Mijinta Samuel yana cikin goma sha ɗayan nan, buhun gero ya je sayarwa. Na tarar da ita tana tsince shinkafa a tire, ɗankwalinta ya zame, ƙashin wuyanta duk a waje.

Ta ce, "Malama, an ce ke za ki yi magana a madadinmu ranar Asabar. Ke kika yi boko."

"Susan, ban san me zan ce ba."

"Ki ce musu na gaji." Ta ajiye tiren. "Na je neman taimakon marayu don makarantar yara, an ce in kawo takardar mutuwa. Na ce wa 'yan'uwan Samuel su bar mini gonarsa in noma, sun ce ba a taɓa gonar mutum yana raye. Na ce to a yi masa addu'ar mamaci a coci, uwarsa ta faɗi tana birgima. In abinci ne, ya mutu, ba mai kawo mana. In gona ce, yana raye. Ni dai su ba ni takardar, ko me aka rubuta a ciki."

"Ko an rubuta ya mutu?"

Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. "Shi ne abin da ban iya faɗa ba. Amma yara ba su cin jira, Malama."

Ranar Juma'a na faɗa wa Inna zan je Yelwa taro. Tana juya kifi a kan waya, ba ta waiwayo ba.

"Taron mi?"

"Na dokar nan, Inna. Har a rediyo za a saka. In ta tabbata za a yi miki aikin ido."

"Idona ya ga abin da zai gani." Ta ƙara itace. "Kina kwana can?"

"A'a, a ranar zan dawo."

"Kina dawowa dai?"

"In sha Allahu."

Sau uku tana yi mini tambayar nan kafin magariba.

Asabar da sassafe na buɗe akwatin da na daɗe ban taɓa ba. Na ciro atamfa shuɗiya mai zanen ganye, cikin kayan lefena ce, sau ɗaya na taɓa saka ta. Ta yi mini yawa a ƙugu, sai da na kama da fil. Na ɗauki kwalli, na ajiye. Na sake ɗauka, na zizara kaɗan, na tsaya ina tambayar madubi don wa na saka. Na lulluɓa da farin hijabi har ƙasa. Jakar kayan sawa da Baba ya ce in taho da ita, na bar ta a kan gado ba komai a ciki.

Ni da Susan muka shiga motar haya. Tun a hanya take ta murza gefen zaninta, har muka shiga Yelwa ba mu yi magana goma ba.

Zauren taron ya cika maƙil. Manoman Shanga da ruwa ya shanye wa shinkafa suna gefe guda, masunta da masu jirage a wani gefen, mata a baya, fankoki suna ta kaɗa iska mai zafi. 'Yan kwamiti suna kan dogon tebur. Rabi'u yana can ƙarshe da farar shadda, kansa a sunkuye yana rubutu. Sau ɗaya ya ɗago, idonmu ya haɗu, kowa ya kawar.

Shugaban kwamitin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya yi bayanin ƙudurin da Hausa. Za a tanadi abinci da magani da tantuna tun kafin damina, ba sai ruwa ya ci gari a fara neman taimako ba. Kowane jirgi za a rubuta masa adadin mutanen da zai ɗauka, kowane fasinja da rigar kariya. Za a buɗe rajistar waɗanda masifa ta shafa a kowace ƙaramar hukuma, marayu su yi karatu, tsofaffi a duba lafiyarsu.

Nan fa aka fara. Wani mai jirgi ya miƙe ya ce in an rage lodi su da me za su sayi mai? Wani manomi ya ce shi ba buhun shinkafa yake so ba bayan ruwa ya tafi, iri yake so da wuri ya sake shuka. Wata tsohuwa ta ce a gaya musu tun da sauran lokaci in za a saki ruwa, kada su farka su ga tukunya tana iyo. Aka yi dariya, ita ba ta yi ba.

Sai na ji an ce, "Malama Hamdiyya Usman, daga Wara."

Na tashi na fita gaba. Na karɓi abin magana. A layi na uku na hango Baba da hularsa ta zuwa Juma'a, Yaya Murja daga bayan mata tana yi mini alama da ido.

Na faɗi sunayen goma sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya, don na haddace su kamar karatun allo. Na faɗi yadda aka tsallake gidajenmu. Na faɗi maganar Susan, gona da makaranta, ban ambaci sunanta ba.

Shugaban ya gyara tabarau ya ce, "'Yata, ki gafarce ni, don rubutu nake tambaya. A wurinki, mijinki yana raye ko ya rasu?"

Na ji Baba ya yi gyaran murya. Na san amsar da yake jira, na san wadda Yaya take jira. Wanda ke ƙarshen tebur kuwa biron hannunsa ya tsaya cak.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Kuma abin da na zo roƙo ke nan. Sashe na goma sha bakwai alheri ne, shekara ɗayan ma ta yi. Amma ya ce sai an ba mu takardar mutuwa. A gidanmu akwai tsohuwa, shi kaɗai gare ta. Kafin a duba mata ido sai ta dangwala yatsa a kan cewa ɗanta ya mutu? Ba za ta yi ba, gara ta makance. Ku yi mana takarda da za ta faɗi abin da muka sani kawai: wane ya ɓace a ruwa, rana kaza. Ku taimake mu a kan wannan. Maganar mutuwa ku bar wa alƙali da malamai da fastoci da zuciyar kowa. Kada yunwa ta sa uwa ta kashe ɗanta da bakinta."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo ba, sai da na ji gishiri a leɓena. Daga bayan zauren wata mata ta fashe da kuka. Shugaban ya juya ya yi magana da na kusa da shi, sannan ya ce, "A rubuta. Takardar shaidar ɓata. Za mu kai wa majalisa, sauran ya rage ga zaure." Na ga hannun Rabi'u yana rubutawa. Da hannunsa yake gyara sashen da ya so ya buɗe masa ƙofa.

A waje Yaya Murja ta damƙe mini hannu.

"Ke wace irin yarinya ta? An ba ki dama gaban duniya ki ce ya rasu, kin tsaya kina ban sani ba! Ina jakarki?"

"Ban zo da ita ba."

"Hamdiyya!"

Baba ya ƙaraso yana dogara sandarsa. Na durƙusa. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Kin yi magana mai kyau, uwata. Amma ni ma tsoho na, kuma ni ma ɗiyata ruwa ya riƙe mini. Na ba ki wata ɗaya."

Wannan ta fi faɗan Yaya ciwo.

Muna jiran mota Rabi'u ya zo ya tsaya nesa kaɗan, fayil a ƙirjinsa.

"Gyaranki ya fi nawa," ya ce.

"Ka ji haushi?"

"Na ji. Amma ya fi nawa." Ya tura tabaransa sama. "Ba zan sake zuwa wurin Baba ba sai da izininki. Saƙo ma in kin ce in daina, na daina."

Na buɗe baki in ce ya daina. Mai mota ya yi ta danna oda, Susan ta ja ni, na shiga ban ce komai ba. Ku yi mini fassarar wannan shirun, ni na kasa.

La'asar sakaliya muka iso Wara. Tun daga zaure na lura babu hayaƙi. Ban taɓa dawowa na tarar da wutar banda a mace ba. Inna tana zaune a ƙofar ɗakina, ba nata ba, ƙafafu a miƙe, 'yar rediyonta a kan cinya.

"Inna, na dawo. Kin sa maganin rana?"

"Na ji ki," ta ce. "Tun daga sunayen har ƙarshe. Zamna."

Na zauna a gefen tabarmar. Ta lalubo hannuna ta riƙe, tafinta kaushi kamar bayan kifi.

"Kinka tsaya gaban manya kina kare ni. Kinka ce gara in makance da in ce ya mutu." Muryarta ta karye. "Ɗiyata, ni na san ya mutu."

Na yi zaton irin maganar tsofaffi ce ta sallamawa. Na ce, "Inna, Allah kaɗai ya sani."

"Allah ya sani, ni ma na sani. Kwana arba'in da ɗaya bayan abin, kina makaranta, wani masunci yaz zo nan. Daga wani tsibiri can ƙasa wajen gulbi. Yac ce tarunsu ya kamo mutum cikin ciyawa, ba ya ɗaukuwa zuwa ko'ina, sunka yi mishi sutura sunka rufe shi nan tsibirin. Cikin aljihunshi anka samu wanga."

Ta kwance bakin zaninta. Katin shaida ne a cikin leda, ruwa ya cinye gefensa, amma hoton yana nan. Yana sanye da rigar da na goge masa da hannuna ranar da zai je ɗaukar hoton.

Ban yi ihu ba. Na so in yi, muryar ce ta ƙi fita. Kaji suna ta tsattsaga a tsakar gida kamar kullum.

"Na ce mishi ya tahi, ni za ni hwaɗa ma mutane. Nij jira ki dawo in hwaɗa miki. Kinka shigo da ledar magani, kinka ce Inna ɗaga kanki in ɗiga miki. Sai nit tuna in kin yi takaba wata huɗu da kwana goma, danginki na zuwa su kwashe kayanki. Gidan ga ya rage ni da bango. Nic ce bari sai gobe."

"Inna," na ce, da ƙyar. "Shekara biyu."

"Da wata ukku. Kullum gobe." Hawaye yana fita har ta mataccen idon. "Na hana ki takaba. Na hana shi addu'arki ta mamaci. Na ci ƙuruciyarki don tsoron kwana ni ɗaya. Ban ce ki yahe mini ba, ban da bakin hwaɗin haka."

Na zare hannuna daga nata. Ta bar shi a buɗe a kan tabarma, ba ta janye ba. Na tashi na shiga ɗaki da katin, na zauna a ƙasa, na jingina da gado. Duk daren da na yi ina sauraron ƙarar babur, duk tuwon da na rage a tukunya ko zai iso da yunwa, duk saƙon da na karanta ina jin kamar na ci amana, ashe matar da ke cin abinci kwano ɗaya da ni ta san inda yake kwance. Na so in tsane ta. Na leƙa ta labule na ga bayanta ya ranƙwafa, tana lalube a ƙasa tana neman takalminta ɗaya, ba ta gani, kuma ba ta kira ni ba.

Wayata ta yi ƙara a jaka. Yaya ce ko Rabi'u, ban duba ba.

Na fito na tura mata takalmin da ƙafa. Ta saka. Ta ɗago fuskarta wajen da take zaton ina tsaye, ta ɗan kauce kaɗan, da bango take magana.

"Masuncin yac ce sun dasa icce a kanshi don kada a ɓace wurin. Ban taɓa zuwa ba, ba ni ganin hanya, kuma ban da wanda za ni ce ma ya kai ni." Ta ƙara da cewa, "Gobe da hantsi akwai jirgi mai bi ta can."

Ni da ko bakin gulbi ban sake takawa ba tun ranar da aka daina tsamo mutane.

"Hamdiyya," ta ce, karo na farko da ta kira sunana tun da aka kawo ni gidan. "In kin kai ni kin dawo da ni, sai ki tahi gidanku. Za ki riƙa mini hannu?"